DStv Explora ga ma'aikacin talabijin na wasanni: tana naɗa wasan da aiki ya hana ka gani, amma da sharuɗɗa

Mutumin da ya fi kowa kusa da ƙwallo a ranar wasa shi ne ya fi kowa rasa wasan ƙungiyarsa. Mai ɗaukar hoto, mai haɗa sauti, mai maimaita hoto a cikin motar haska wasa, mai jan wayoyi, darakta, dukkansu suna bakin aiki a daidai lokacin da sauran jama'a ke zaune gaban talabijin. Idan wasan lig na Najeriya za a haska daga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, ko filin Muhammadu Dikko a Katsina, ƙarfe huɗu na yamma aka saba take leda, amma ma'aikata tun da safe suke fili: a shimfiɗa wayoyi, a kafa kamarori, a daidaita launi, a gwada sauti, a gwada layin da zai kai hoto tasha. Bayan alƙalin wasa ya busa tashi kuma sai a hau kwance duk abin da aka ɗaura. Yinin sa'a goma ko sha biyu ba abin mamaki ba ne a wannan sana'a. A cikin waɗannan sa'o'in ne ake buga manyan wasannin Firimiya na Asabar da Lahadi. Don haka dikoda mai naɗa shiri, wadda wani zai ɗauka kayan ƙawa ce, ga irin wannan ma'aikaci ita ce hanyar da ta rage masa ya ci gaba da zama ɗan kallo.

Explora ita ce dikodar kamfanin MultiChoice mai faifan ajiya a ciki. Ta fara fitowa a 2013, an yi ta sabunta ta, sannan a 2020 aka fito da Explora Ultra, wadda ke da Wi-Fi a jikinta kuma tana nuna hoton 4K. Tsofaffin samfura sai an haɗa su da intanet ta waya ko an saya musu ɗan abin kama Wi-Fi daban. Ga wanda naɗa ƙwallo ne kawai a gabansa, bambancin da ke tsakanin Ultra da wadda ta gabace ta bai kai a tayar da hankali ba. Dukkansu suna ɗaukar kusan sa'a 110 na shiri, suna nuna jadawalin kwana takwas gaba, suna tsayar da shirin kai-tsaye har tsawon sa'a biyu. Idan ka ware wa kowane wasa sa'a biyu da rabi, faifan zai ci wasa arba'in da 'yan kai. Wasannin lig na ƙungiya ɗaya a Firimiya 38 ne a kaka, saboda haka wuri ba shi ne matsala ba, muddin ana goge wanda aka gama kallo kuma mutanen gida ba su cika faifan da fina-finai masu dogon zango ba.

Jadawalin kwana takwas ɗin nan shi ne abin da ya fi dacewa da rayuwar ma'aikacin talabijin. Ranar da aka fitar da tsarin aikin mako, a ranar za ka zauna da rimot ka saka duk wasannin da suka ci karo da aikinka. Ka shiga jadawali, ka je tashar da za ta nuna wasan, ka haska sunansa, ka danna maɓallin naɗa. Alama za ta fito a jikin sunan, kuma za ka gan shi a jerin abubuwan da ke jiran a naɗa. Ka tabbata wanda aka rubuta kai-tsaye ne ka zaɓa, domin wasa ɗaya yakan bayyana sau da yawa a jadawali, wani maimaici, wani kuma taƙaitattun ƙwallaye na rabin sa'a. Tashar SuperSport Premier League tana lamba 203, ta La Liga tana 204. A lura da agogo kuma: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Ingila ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuwa mu ne a gaba da sa'a guda. Wasan ƙarfe uku na Asabar ya zama na ƙarfe huɗu ke nan, daidai lokacin da kake tsaye bayan kamara. Dikoda tana bin jadawalinta ba tare da ruɗewa ba, mutum ne ke ruɗewa idan yana lissafi da ka.

Inda aka fi yin asara shi ne ƙarshen wasa. Dikoda ba ta san an tashi ko ba a tashi ba, lokacin da aka rubuta a jadawali take bi, ta ɗan ƙara mintuna kaɗan ta tsaya. Wasan lig na yau da kullum, da hutun rabin lokaci da mintunan da alƙali ke ƙarawa, yana cin kusan sa'a biyu, kuma yawanci yana shiga cikin lokacin da aka ware masa. Wasan sili-ɗaya-ƙwale daban ne. Idan aka yi canjaras za a ƙara minti talatin, a yi ɗan hutu, wataƙila a je bugun fenariti, abin ya doshi sa'a uku. Haka idan an jinkirta take leda saboda ruwa ko cunkoson 'yan kallo a ƙofa. Maganinsa mai sauƙi ne: duk wasan da zai iya zarcewa, ka naɗa shirin da ke biye da shi a wannan tashar, ko ma biyu. Sa'a guda ta faifai ba komai ba ce idan aka kwatanta da naɗin da ya yanke ana shirin buga fenariti na huɗu.

Iyaka ta biyu ba ta da irin wannan sauƙin magani. Explora tana barin a kalli tasha ɗaya ana naɗa wata, amma ba ta naɗa tashoshi biyu a lokaci guda. A daren gasar Zakarun Turai, musamman tun kakar 2024/25 da aka mai da ƙungiyoyi 36 kowace da wasa takwas, wasanni da yawa ne ke tafiya tare, a daren ƙarshe na wannan zagaye ma wasa 18 ake bugawa lokaci ɗaya. Ranar rufe Firimiya duk wasanni goma tare ake take su. Idan wasa biyu kake so, ɗaya za ka naɗa kai-tsaye, ɗayan ka nemi maimaicinsa da tsakar dare ko da safe ka saka shi. Dikoda za ta gaya maka idan naɗi biyu sun yi karo, ta ce ka zaɓi ɗaya. A nan ne rigimar gida ke shigowa: idan uwargida ko yara suka zo saka nasu shirin a lokacin da naka ke jira, danna maɓalli ɗaya ya isa ya soke naka ba tare da sun yi nufin haka ba. A zauna a yi bayani tun farko, a nuna musu yadda saƙon yake da abin da za su danna. Ga mai son ƙwallo da ke bin gasa fiye da ɗaya, wannan ita ce babbar gazawar na'urar.

Sai wuta, wadda a ƙasarmu ita ce ke yanke hukuncin ko kuɗin da aka kashe ya yi amfani. Dikoda tana naɗa shiri ko da an kashe ta da rimot, amma ba ta yin komai idan an kashe soket ko an ɗauke wuta. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar wasa, naɗin ya yanke. In ta dawo, na'urar za ta ɗauki 'yan mintuna kafin ta gama tashi ta kama sigina, abin da aka buga a tsakani kuma ya tafi ke nan. Canjawa daga wutar NEPA zuwa janareta ma yana jawo haka, domin daƙiƙa ɗaya ta yankewa ta isa ta sa dikoda ta sake tashi daga farko. Bayan asarar wasa akwai ta faifan kansa, wanda ke juyawa yana rubutu, kuma yawan yanke masa wuta ba shiri yana rage masa kwana.

Ba talabijin ne ke buƙatar batir ba yayin da kake wurin aiki, dikoda ce kawai, kuma ita ce ke ba kan dish ɗin wuta ta cikin wayarsa. Adaftarta 12V ce. Ka duba jikinta ka ga ampa nawa aka rubuta, duk abin da za ka haɗa mata kada ya gaza wannan. A yi lissafi da wat 25: sa'a uku na naɗi za su ci 75Wh, wato wat 25 sau sa'a uku. Batirin 12V 7Ah da ke cikin ƙaramar UPS ta kwamfuta 84Wh ne a rubuce, amma irin wannan batirin ba a zuƙe shi duka, ga kuma abin da ke ɓata wajen juya wuta, saboda haka da wuya ya kai ka ƙarshen wasa idan tun farkonsa aka ɗauke wuta. Amfaninsa shi ne cike giɓin mintunan da ake tayar da janareta. Kuma ba sa'a uku kaɗai za ka lissafa ba. Idan ka fita da safe, wuta ta tafi da hantsi, wasa kuma sai yamma, batirin zai yi ta ciyar da dikoda duk yinin kafin a take leda. Wanda ke da inbata da sola a gida ya huta, ya sa dikoda a layin da ba ya yankewa. Wanda ba shi da su ya nemi ƙaramin akwatin batirin lithiyam mai fitar da 12V kai-tsaye, mai ƙarfin da ya haura 150Wh, ko kuma ya bar wa wani a gida saƙon ya kunna shi rabin sa'a kafin wasa. Wanda ba zai iya tanadin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, gara ya riƙe kuɗinsa.

Kafa dish ma ba a ba wa kowa. Explora tana son kan dish na musamman da ake kira Smart LNB, tana karɓar sigina ta waya ɗaya daga bakin da aka rubuta Unicable. Mai gyaran da ya jona ta da tsohon kan dish na ƙaramar dikoda zai bar ka da tashoshi na ɓacewa ko naɗi na fitowa baƙi. Dish mai faɗin santimita 90 ake so, waya RG6 mai kyau, a naɗe mahaɗan da ke waje da tef don kada ruwa ya shiga. Kafin mai gyara ya sauko daga kan rufi, a buɗe shafin sigina a duba abu biyu, ƙarfi da inganci. Ingancin shi ne abin lura: idan a rana mai garau bai haura saba'in cikin ɗari ba, hadari kaɗan zai kayar da shi. Tauraron da ke ba yankinmu sigina yana digiri 36 gabas, don haka daga Kano ko Zariya ko Maraɗi dish gabas yake kallo da ɗan karkata kudu. Hadarin damina kuma daga gabas ya saba tasowa, shi ya sa hoto ke fara tsinkewa, saƙon E48 na rashin sigina ya fito, tun ruwa bai sauka a gidanka ba. Wannan ya fi shafar watan Agusta da Satumba, farkon kakar Turai. Babu dikodar da ke maganin ruwan sama, sai dai a sake naɗa maimaici. A ƙarshen kaka kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da wasanni suka fi zafi, gari ma ya fi zafi. Kada a kulle dikoda cikin kabad, kada a ɗora mata komai a kai, a bar mata sarari ta kowane gefe, a riƙa share ƙurar hunturu daga ramukan shan iskarta.

Ta fuskar kuɗi, sayen na'urar shi ne ƙaramin ɓangare. Naɗawa da tsayar da shiri ba sa aiki sai an biya kuɗin Access kowane wata, ƙari a kan kuɗin tsarin da kake kai. A ƙarin farashin da aka yi a Najeriya a Maris na 2025, tsarin Compact ya koma naira 19,000, Compact Plus 30,000, Premium 44,500. Mai bin Firimiya kaɗai Compact ya ishe shi, mai son gasar Zakarun Turai sai ya hau Compact Plus. Abin da ka naɗa a kulle yake cikin faifan, ba a kwafe shi zuwa filas ko waya, kuma idan kuɗinka ya ƙare ba zai buɗe ba sai ka sabunta. Mai son lig ɗin gida ya bincika wa ke riƙe da haƙƙin haska shi a wannan kakar kafin ya sayi komai, domin haƙƙin yana sauya hannu; a 2023 StarTimes ne ya karɓe shi. Dikoda ba ta naɗa abin da ba ya cikin tashoshinta.

To, an naɗa wasa lafiya. Saura a kai ga kallonsa ba tare da an ji sakamako ba, kuma wannan ya fi duk abin da ya gabata wuya ga wanda ke aiki cikin mutanen da labarin ƙwallo ne abincinsu. Kafin ka fita, ka bar dikoda a tashar da ba ta wasanni ba, domin idan ka kunna tashar ƙarshe da aka kalla ce za ta fito, kuma tashoshin wasanni suna jera sakamako a ƙasan allo. Idan akwai masu kallo a gida bayan fitarka, ka kashe sautin talabijin kafin hoto ya bayyana, ka kau da kai, ka danna maɓallin jerin abubuwan da aka naɗa. A waya, ka kashe sanarwar manhajojin sakamako, ka toshe zaurukan WhatsApp na abokan ƙwallo na sa'a takwas, kada ka leƙa Facebook ko sitatus. Rediyon mota a hanyar gida ma a kashe. Abokan aiki kuwa sai roƙo: ka faɗa musu tun da safe, kafin a sa abin magana a kunne, cewa ka naɗa wasan. A motar haska wasa mutum ɗaya ya yi ihu a layin da kowa ke ji ya isa.

Akwai waɗanda wannan ba zai yiwu musu ba ko kaɗan. Mai tace hotunan ƙwallaye don labaran dare, mai rubuta sakamakon da ke gudana a ƙasan allo, furodusan shirin sharhi, aikinsu ne su san komai kafin kowa. Su Explora ba za ta dawo musu da fargabar kai-tsaye ba. Abin da za ta ba su shi ne ganin yadda aka yi: yadda ƙwallon da suka tace daƙiƙa goma daga cikinta ta faro tun daga baya, wanda ya bar wurinsa, canjin da koci ya yi ya juya wasa. Ga mai son ƙwallo da gaske wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ya kamata ya san shi yake saye.

Wajen kallo na'urar ta cancanci yabo. Hoton da aka naɗa bai ragu da komai ba daga na kai-tsaye, ba ya tsayawa yana juyi irin na intanet, ba ya cin data. A wasan minti casa'in, lokacin da ƙwallo ke yawo a fili bai cika kai sa'a guda ba. Idan ka tsallake sharhin farko, da hutun rabin lokaci, da jinyar 'yan wasa, da jiran hukuncin VAR, za ka gama wasa cikin minti saba'in zuwa tamanin ba tare da ka rasa abin kirki ba. A kiyaye da gudu mai yawa, domin lambar sakamako da ke kusurwar allo za ta canja a gabanka kafin ka ga yadda aka ci.  A ranar hutu da kake kallo kai-tsaye, tsayar da shiri yana ba ka damar tashi sallar Magariba ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Sai dai kada kowa ya canja tasha kafin ka dawo.

Masu DStv suna da manhajar DStv Stream a waya ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma wasu za su ce ita ta isa. Tana da amfani a otal ko a doguwar tafiya zuwa fili. Amma a Maris na 2022 an taƙaita kallo zuwa na'ura ɗaya a lokaci guda a kowane asusu, tana bayan hoton dish da daƙiƙu masu yawa, kuma tana cin data: a gudun megabit uku cikin daƙiƙa, sa'a biyu gigabait 2.7 ne. A filin wasa cike da mutane sabis ma ba ya tsayawa. Mafi muhimmanci, mai kamara ko mai maimaita hoto da ya jingina waya gefe yana satar kallon wani wasa zai rasa nasa, kuma kuskurensa dubban mutane ne za su gani.

Faifai mai sa'a 110 yana jawo kwaɗayi. Mutum ya saka wasa biyar a mako, ya dawo gida sha ɗayan dare a gajiye, ya zauna har ƙarfe ɗaya, ga Asuba na jira, ga iyali ba su gan shi ba tun safe. Cikin wata guda jerin ya cika da wasannin da ba a kalla ba, abin ya koma kamar bashi. Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne wasa ɗaya ko biyu a mako, na ƙungiyar da kake so, sauran a wadatu da taƙaitattun ƙwallaye. A kalla washegari da safe bayan an yi barci, ba a daren da aka dawo ba. Litinin ce ranar da yawancin masu aikin ƙarshen mako ke samun sarari, kuma idan abokan aiki biyu ko uku da duk suka rasa wasan suka haɗu a gida ɗaya, an samu wani abu daga cikin musu da hayaniyar gidan kallo, wanda shi ne abin da naɗi ba ya iya adanawa. Wata matsalar ita ce idon sana'a. Wanda ya yini yana yanka hoto zai zauna yana ƙirga kamarorin da aka kafa a filin Anfield, yana lura da inda darakta ya makara wajen komawa kan ƙwallo. Akwai ilimi a ciki, kuma dawo da hoto baya a hankali hanya ce mai kyau ta koyo, amma wannan aiki ne, a ware masa wani wasan daban.

Wanda zai sayi ta hannu ya yi gwaji a gaban mai ita, da dish a haɗe da kuɗi a ciki. Ya naɗa shiri na minti goma yana kallon wata tasha, ya buɗe abin da ya naɗa, ya tura shi gaba da baya ya ga ko hoto yana daskarewa. Ya kara kunne a jikin na'urar: ƙarar ƙyas-ƙyas mai maimaituwa alamar faifai ne da ya kusa mutuwa. Ya duba adaftar ta asali ce ko an musanya ta da mai ƙarancin ampa, domin wannan na sa dikoda ta riƙa kashe kanta da zarar faifai ya fara aiki. Sannan su je ofishin kamfanin ko wurin dilansa tare, a tabbatar babu bashi a kan asusun, a mayar da na'urar sunan sabon mai ita kafin a biya kuɗi.